Ranar da Na Ƙone Jarumin Taubashina

Har yau ban ba da haƙuri ba, kuma ba ni da niyya.

Ɗan kawuna ne, wato taubashina. Tun muna yara a Maraɗi ba mu taɓa gaisawa da daɗin baki ba. In ce masa mai kan tulu, ya ce mini 'yar ƙauye, iyayenmu na ji ba mai tsawatarwa, don haka ake yi tsakanin taubasai. Da ya zo karatun injiniya a Villeurbanne, kusa da Lyon, ni kuma ina aiki a wani kantin magani a Saint-Denis, shi ya ja ni cikin wasan da yake yi da abokansa Faransawa. Asabar ɗin farko ta kowane wata nakan hau jirgin ƙasa zuwa Lyon saboda wannan shirmen, kuma ina son wasan.

Wasan na tebur ne. Kowa yana da jaruminsa a rubuce a takarda. Mutum ɗaya ke ba da labari, shi ke riƙe da dodanni, mu kuma mu faɗi abin da jarumanmu za su yi. Ɗan ludo mai fuska ashirin ke yanke hukunci, ko sara ya samu ko ya kuskure. Kowa a fili yake jefa nasa, sai mai ba da labari da ke jefawa a bayan wani kwali. Jarumin taubashina mai takobi ne, shekara uku yana renon sa. Tawa matsafiya ce mai jefa wuta.

Sai kawu ya rasu. Takardun zaman taubashina suna wajen sabuntawa, in ya fita ƙasar ba tabbas ya dawo, don haka aka kai mahaifinsa makwanci yana zaune a ɗaki da waya a hannu. Bai yi kuka ba. Da na je Lyon bayan nan, ya tare ni a ƙofa ya ce, "Sannu da zuwa, ina gajiya?" kamar wata baƙuwa. Wannan gaisuwar ta tsorata ni.

Abokansa mutanen kirki ne, ban hana su ba. Amma kirkinsu ya ishi mutum. Magana ƙasa-ƙasa, yankan fiza na ƙarshe a tura gabansa. Har cikin wasan suka shigo da ta'aziyyar. Yarinyar da ke riƙe da jaruma mai warkarwa ta manne wa jaruminsa, mai ba da labari kuma duk jifan da ya yi a bayan kwali sai ya ce, "Ya kuskure ka." Wata uku ko ƙwarzane jarumin bai samu ba.

Na ga lokacin da taubashina ya gane. Ya fara tura jaruminsa cikin haɗari da gangan, shi kaɗai, wani sa'in ba ko sulke. Ya ɗago ya dubi mai ba da labari, a ce masa an kuskure, ya sunkuya ya ci gaba da zana da'ira a gefen takarda. Sun mai da shi ƙwai, kuma yana mutuwa a ciki ina kallo.

Ran nan da la'asar jaruminsa na tsakiyar wata siririyar gada, dodanni shida sun kewaye shi. Aka zo kaina. Na ce na jefa dunƙulen wuta tsakiyar gadar.

Mai ba da labari ya ce, "Kin san yana ciki?"

Na ce, "Ido gare ni."

Na jefa a fili, inda ba mai kwalin da zai rufe. Lambobi suka fito manya. Aka lissafa, aka sake lissafawa. Dodanni shida sun ƙone, jarumin shekara uku ya bi su. Taubashina ya ninke takardarsa gida huɗu, ya sa a aljihu, ya ɗauki rigar sanyinsa ya fita.

Mai ba da labari ya ce za a iya mayar da wasan baya, a ce hannuna ne ya zame. Amma sai na kira taubashina na nemi gafara, don a teburinsu ba a dukan na gida. Mai warkarwar ta ce, "Mahaifinsa fa ya rasu."

Na ce, "Kawuna ne. Na fi ki sanin wanda ya rasu."

Suka ce ko haƙuri ko in daina zuwa. Na kwashe 'yan ludona na zuba a jaka. Ban tsaya yi musu bayani ba. A wurinmu ran da ka ba taubashi haƙuri ka mai da shi bare, kuma bare sun riga sun yi masa yawa a garin nan.

Bakina dai ya yi tauri, amma da na shiga tiram, jirgin cikin gari, labari ya sha bamban. Na ji tsoro ƙwarai. Na ce watakila na ƙone abu ɗaya da ya rage masa, kuma ba zai sake ɗaga wayata ba.

Ya san jirgin ƙarfe shida nake bi. Na tarar da shi a tasha, zaune a kan benci, hannaye a aljihu. Bai dube ni ba.

Ya ce, "Ke wace irin muguwa ce? Trois ans, shekara uku cur. Da wannan hannun naki mai kama da ludayi."

Na zauna kusa da shi na ce, "Dama mi ya iya? Tsayuwa kan gada kamar akuya."

Ya yi wata dariya gajeriya, ta karye a tsakiya. Sai ya ce, "Ban je ba. An sa shi a rami ban je ba."

Kukan ya zo masa gaba ɗaya, har kafaɗunsa na girgiza, mutane na ratsa mu da akwatuna. Ban ce masa ya yi haƙuri ba, ban ce ya daina ba. Na miƙa masa bakin mayafina, na ce ya yi a hankali, sabo ne. Aka kira jirgina sau biyu, ya tafi ba ni.