Kaka Ya Faɗi

Laraba mai wace ta tsufa a bakin kasuwar Dapaong a Togo, gaban tukunyar shinkafa da wake, abin da muke kira wace. Ni ce mai suyar doya a gefenta, don haka ba labari aka ba ni ba. Allah bai ba ta haihuwa ba. Ɗan ƙaninta Taufiƙ ta goya tun yana tsumma, da tukunyar nan ta tura shi karatu Zariya, can ya yi aure ya zauna. Ita da mijinta Karimu, tsohon mahauci, duk Zongo Kaka ake ce musu.

Burinta ɗaya ne, ta ga Taufiƙ kafin ta mutu. Bana ya aiko cewa yana tafe da matarsa Zulfa, wadda ba ta taɓa fita Najeriya ba. Sun sauka a Sokodé, washegari da safe Laraba ta yanke jiki ta faɗi a gindin murhu. Layin Taufiƙ ba ya shiga a Togo, sai muka kira Fousséni, direban da ya ɗauko su, ɗan ƙabilar Tem ne da ya koyi Hausa a tasha.

Fousséni ya ce masa, "Alaji, sun kira daga Dapaong. Kaka ya faɗi, yana lopital, yana kiran sunanka."

Taufiƙ ya ji "ya", sai ya ɗauka Karimu ne, wanda dama ba sa ga maciji tun yana yaro. Ya ce, "Ba yau ya fara ba. Mu je Madam ta ga gari."

Abin da ke ci mini rai ke nan. A Hausar Zongo mace da namiji duk "ya" ne a bakin mutane da yawa, kuma da wannan Hausar yaron nan ya buɗe baki. Da kunnena na sha jin sa yana cewa "Kaka ya dafa wace". Zaman Zariya ya goge masa kunne. Kuma ko Karimun ne, shi ba mutum ba ne? Tambaya ɗaya ta gagare shi.

Suka tsaya a Aledjo, inda titi ya ratsa tsakiyar dutse, aka yi ta hotuna. A Kara suka ci sakwara da miyar gyaɗa. Fousséni ya sake cewa, "Alaji, Kaka yana jira fa," aka ce ya ci abincinsa. A Mango suka gangara bakin kogin Oti, suka zauna aka gasa musu kifi, Zulfa tana dariyar Hausar mai kifin, mijinta yana taya ta.

Mu kuwa muna asibiti. Duk motsin ƙofa sai Laraba ta juya ido. Na yi mata ƙarya har na gaji, ina cewa ga su nan kusa.

Gab da magariba motarsu ta shigo unguwa. Taufiƙ ya fito da ƙunshin kifi a hannu, ya ga tabarmi a ƙofar gida, ya fara shirya fuskar ta'aziyya. Sai ga Karimu zaune a tsakiyar mutane da carbi. Ni ina tsaye a zaure, ban ce wa Taufiƙ sannu da zuwa ba, har yau ma ban ce ba.

Ya ce, "Baba, ina Kaka Laraba?"

Karimu bai ɗago kai ba. Ya ce, "Ya jira ka har azahar. Bayan la'asar muka kai shi."