Surukina da Lasifikun da Ba Su Son Bango

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 13 ga Mayu, 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran surukina Malam Haruna mai gyaran rediyo na Ƙofar Sauri, mijin ɗiyata Furera, bayan jinyar kwana tara. Ya bar 'ya'ya uku.

A aji huɗu na firamare boko ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi, don haka a yi haƙuri da rubutuna. Akwai maganar da kunyar surukuta ta hana ni faɗa maka, Malam Haruna, yau zan faɗe ta.

Da kunnena ya fara nauyi, tafsirin rediyo ya koma mini kamar ana yi a cikin rijiya, sai ka kawo mini lasifika biyu, kowace a jikin allon katako, ba akwati, bayanta a buɗe. Na ce a raina yaron nan bai gama aiki ba ya ɗauko. Ka jaye su taku uku daga bango, ka ɗan karkato fuskarsu wajen kujerata. Sai ga wufa, wannan akwatin mai fitar da kaurin sauti. Ka ɗora ta a kan kujerata, ka kunna, ka shiga rarrafe a gindin bango. Ni kuwa na zaci gaisuwa ce ka ƙara, ina ta cewa "Lafiya lau, tashi haka nan." Ashe kana neman wurin da kaurin ya fi zama daidai ne, don ka ajiye ta nan. Da ka samu, ka dinga rage mata ƙarfi har na ce ta mutu ne? Ka sunkuyar da kai ka ce, "Baba, in kunne ya gane inda take, ta yi yawa."

Ranar na ji numfashin mai jan baƙi tsakanin aya da aya. Ban yi godiya ba. Cewa na yi ba laifi.

To, ni a iya sanina kaya jikin bango suke zama, tsakiyar ɗaki ta baƙi ce. Kana fita na tura allunan lungu, na murɗe wufa har ƙofar langa-langa tana rawa. Sauti ya cushe. Juma'a ka zo gaisuwa, na shiga alwala, na fito na tarar ya gyaru. Shekara huɗu muna haka, ina turawa kana jawowa, ba ka taɓa cewa Baba ka yi kuskure ba.

Zuwanka na ƙarshe na kama ka da allo a hannu, ga abokaina a zaure. Na ce, "Mi ne ne haka? Gidana ne ko shagonka?" Aka yi dariya, don ni aka sani da ban dariya. Ka ajiye, ka ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baba." Ranar Litinin ka kwanta. Sau biyu na je duba ka da niyyar neman gafara, sau biyu na ƙare da tsokanar masu jinya.

Wannan ne ya hana ni sakat. Bayan addu'ar bakwai na daure na tambayi Furera ko ka tafi da ni a rai. Ta ce, "Baba, ai lasifikun nan ta baya ma suna fitar da sauti, shi ya sa bango ke shaƙe su. Na ce masa ya yi maka bayani ya huta. Ya ce in ka gane ka daina turawa, da wane dalili zai riƙa daɗewa a ɗakinka?"

Na ce ta miƙo mini ruwa, wai tari ne ya sarƙe ni.

Malam Haruna, kai ne da gaskiya, kuma na gode. Na so a ce kunnenka ne ya ji.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Haruna, ka yalwata masa kabarinsa, ka saka masa da Aljanna Firdausi a kan haƙurin da ya yi da tsoho mai taurin kai. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarsa Hajiya Kubura, da Furera, da abokan sana'arsa. Allah ya raya abin da ya bari, ya kyautata namu zuwan. Amin.

Lado Tela, Ƙofar Guga, Katsina