Na Kai Kitsena Gun Mai Ƙaho

A zamanin mulkin farar hula na biyu ni yarinya ce 'yar shekara goma sha tara, haifaffiyar Bodinga, ina aure a Shagari. Mijina malamin firamare ne, auren so muka yi. Ba ni da aiki sai karanta 'yan littattafan soyayya da ake shimfiɗawa a kasuwa, har na haddace cewa kowace tauraruwa ƙugunta kamar na zanzaro yake, wuyanta kamar na barewa. Na ɗauka haka ƙauna take, in ƙugu ya tafi ta bi shi.

Da na samu cikin fari aka maido ni gida wankan jego. Lokacin an shiga tsuke bakin aljihu, sabulu da madara sai an bi layi, amma Inna ta rantse ba za a ce ɗiyarta ta koma ɗaki a rame ba. Albasar da Baba ya ajiye a rudu, rumbun albasa, ta sa aka fitar aka sayar. Kunun kanwa da safe, farfesun kan rago da rana, fura da man shanu da la'asar. Kafin arba'in na cika na batse, zannuwan lefena suka daina zagaye ni. Mata na shigowa barka suna tubarkalla, ni kuwa ina duba madubi ina hawaye, ina ganin ranar da malam ya zo ɗaukata zai kawar da kai.

Ana haka wata 'yar ƙanwar Baba da ke aikin jinya a Sakkwato ta zo ganin jariri. Cikin hira ta ce wai likitocin Turai sun fito da sabuwar dabara, su huda fata su sa bututu su zuƙe kitse, mace ta tashi kamar budurwa. Kowa ya yi dariya, ni kaɗai na riƙe maganar. Na ce a raina, in dai zuƙa ce, ai mu ma muna da masu zuƙa.

Akwai wata tsohuwa, matar wanzami daga Horo Birni, da ke yi wa mata ƙaho ran kasuwa a gidan maƙwabtanmu. Na bari Inna ta tafi cefane na zagaya. Da na faɗa mata bukatata ta dube ni sama da ƙasa, ta tambaya ko aljanu gare ni, ta ce ƙahonta mataccen jini ya sani, bai taɓa gaisawa da kitse ba, in da yana ja da ta fara da buhun kitsen da take zaune a kai. Na nace, na ce ciwon jiki ma nake yi. Ta tsaga, ta kafa, ta zuƙa, ƙaho goma sha huɗu a ciki da kwiɓi. Na dawo ina jiri ina murna, ina jin kamar na rage.

Abin da na manta shi ne Inna ce ke yi min wanka. Washegari ta tafasa ruwa, ta ɗauko ganyen darbejiya, na kwance zane. Ta yi salati ta ce wa ya buga dara a cikina. Ruwan zafi na taɓa tsagar na faɗi sumammiya. Miyakun suka kumbura suka yi ruwa, zazzaɓi ya kwantar da ni mako guda, nonona ya ja baya, ɗana na ta tsala kuka. Malamin asibiti ya yi ta allura yana faɗa. Amma ba abin da ya ƙona min rai kamar maganar Inna, da ta ce naman da ta hana bakinta ta ɗora min shi na kwasa na kai wa ƙaho.

Malam mijina ya iso a kan kekensa, ya tarar da ni kwance. Na rufe fuska na faɗa masa gaskiya duka, har zancen zanzaro. Sai ya fashe da dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce ƙasa duk ta rame, malamai sun ƙara huda a bel ɗin wando, shi kaɗai Allah ya yi wa arzikin mata mai cika ɗaki, tun da labari ya kai masa Shagari yake ta yi wa abokai alfahari, ashe ina nan ina yi masa ɓarna a dukiya. Ya karɓi ƙwaryar kunu daga hannun Inna ya zauna yana ba ni da ludayi, ko kunyar surukarsa bai ji ba. Ranar na shanye tas, kwana uku nono ya dawo.

Yau muna da jikoki, tabo goma sha huɗun kuma suna nan. Ina jin yanzu aikin zuƙe kitsen ya zo har asibitocinmu, 'yan mata na rububi. Ban ce haramun ne ba, wannan na malamai da likitoci ne. Amma 'yan uwana mata, kada a saka wa jiki wuƙa a ɓoye, kada a kai shi hannun wanda bai san aikin ba. Kafin ki yanke wa kanki hukunci a kan abin da kike zaton mijinki na so, buɗe baki ki tambaye shi. Da na yi tambayar nan guda, da ɗana bai kwana bakwai da yunwa ba.