Kunnen Abla Ihsan

Ƙarfe takwas saura kwata Abla Ihsan Badrawi take sauka daga jirgin tiram a unguwar Muharram Bek ta Iskandariya, jaka a kafaɗa, burodi da wake a takarda. Ta hau bene na biyu, saman shagon mai gyaran takalma, inda situdiyon Haj Abdul-Azim yake. Ta ci burodinta a tsaye, ta wanke hannu, sannan ta kunna kwamfuta. Kafin ta saurari komai, sai ta sa wa kowane layin sauti suna a kan miksa, wato allon haɗa sauti: wannan ganga, wannan goge, wannan muryar wane. Daga nan ta ja duk maɓallan ƙasa, ta fara ɗago su ɗaya bayan ɗaya, kuma kullum muryar mutum ce farko.

Shekara talatin da huɗu tana haka, tun zamanin kaset da babban allo mai maɓallai har aikin ya koma cikin kwamfuta. Ranar Alhamis da ta wuce ta yi shi karo na ƙarshe. Babu jaridar da ta rubuta, babu wanda ya yi jawabi. Shi ya sa mu da muke zuwa wurinta karanta littattafai don makafi muka ga bai kamata a yi shiru ba.

Duk Iskandariya babu mai hawa tasi da bai taɓa jin aikinta ba, amma sunanta bai taɓa hawa bangon kaset ko ƙarshen shiri ba. Waƙoƙin biki, tallan sabulu, wasan kwaikwayon rediyo, duk ta hannunta suke bi su fito fes, a yaba wa mawaƙi.

Ragab mai waƙar biki har yau yana ba da labarin zuwansa na farko. Yana jin waƙarsa ya ce, "Abla, ƙara min murya, ganga ta danne ni." Mai ganga ya ce ai shi ma ba ya jin kansa. Mai goge ya ce to shi fa?

Ta nuna musu ma'aunin da ke gefen allo. "Kun ga kore, kun ga rawaya, kun ga ja? In na biye muku kowa ya hau, can za mu kai, sauti ya fashe. Wanda ya fashe kuwa ba ya gyaruwa." Sai ta rage ganga, ta tura goge gefen hagu kaɗan, ta sake kunnawa.

Ragab ya washe baki. "Yawwa! Yanzu kika ƙara ni."

"Ban taɓa ka ba. Su na rage."

"To me ya sa na ji na yi daɗi?"

"Yau ka fara jin kanka ne. Mu mun daɗe muna haƙuri."

Da ya roƙe ta ta zuba masa amsa-kuwwa a inda muryarsa ta goce, cewa ta yi ya koma gaban makirufo ya sake. Sau tara ya sake, yana ƙunƙuni. Waƙar ce ta ciyar da shi shekara goma.

Amma aikin da ba za mu manta ba, ba waƙa ba ne. Wata safiya wata mata daga unguwar Anfushi ta hawo benen nan da waya a ƙulle cikin hankici. Ummu Husam ake ce mata. Ɗanta Husam ya shiga kwalekwalen masu tsallaka teku shekara biyu kafin nan, kuma kwalekwalen bai kai gaɓa ba. Abin da ya bar mata saƙon murya ne na daƙiƙa arba'in, wanda ya turo daga cikin ruwa. Iska da rurin inji sun rufe maganar gaba ɗaya.

"An ce ke kina iya ciro magana," in ji matar. "Kullum sai na saurara. Na san muryarsa ce, amma ban san me ya ce min ba."

Abla Ihsan ta fara kwafar saƙon wuri uku, don ba ta taɓa aiki a kan na asali. Ta yanke ƙasan sautin inda rurin injin yake kwance. Iska kuwa ba ta yankuwa haka, don a wuri ɗaya take da murya. Sai ta bi saƙon gaɓa-gaɓa da hannu, ta sauke maɓalli a tsakanin kalmomi, ta ɗago a kan kalma. Kwana huɗu ta yi a kan daƙiƙa arba'in.

Rana ta biyar aka kira matar. Uku daga cikinmu muna ɗakin. Muryar ta fito siririya, amma ana ji: "Mama, mun tashi. Kar ki yi fushi da ni. Maganinki yana saman firji, kar ki riƙa tsallake na safe. Ki gaya wa..." Daga nan igiyar ruwa ta bugi jirgin, saƙon ya ƙare.

Ummu Husam ta riƙe gefen tebur. "In gaya wa wa? Me zan gaya masa?"

Haj Abdul-Azim ya ja Abla gefe, ya ce akwai manhajar da take kwaikwayon murya. A ƙarasa wa baiwar Allah da kalma mai daɗi mana, ta samu sanyi.

"Ya Haj, abin da ya faɗa na ciro," ta ce. "Abin da teku ta cinye ba zan ƙirƙira in sa a bakin mamaci ba."

Ta koma ta gaya wa matar gaskiya, cewa iyakar abin da ke akwai ke nan. Matar ta ce a sake kunna mata. Aka kunna sau goma sha ɗaya. Da za ta tafi ta ce, "Shekara biyu ina zaton zagina ya yi, don mun rabu da faɗa."

Ke ce kika yi wannan, Abla, ba kwamfuta ba. Ke ce mai kunnen da ya raba kukan iska da maganar ɗa.

Kunnen nan ne ya fara tafiya a sanyin bara. Wani mai shirya wasan rediyo ya dawo da aiki, ya ce duk inda aka furta "sa" ko "si" sai ya soki kunne. Ta saurara, ba ta ji komai ba. Ashe saman sautin ne ya daina isa gare ta, ita kuma tana ta ƙara shi. Likita ya ce na hagu ya tafi rabi, na dama yana biye, kuma ƙarar da take ji kamar busar sarewa ba za ta daina ba. Ita da take hana kowa sauraro da ƙarfi, take tilasta mana hutun kunne duk bayan awa guda. A shekarunta goma na farko babu wanda ya gaya mata haka, kuma illar shekarun nan ce ta biyo ta.

Ba ta gaya wa kowa ba. Wata uku tana aiki da ido, tana kallon ma'auni. Sai ranar da Ustaz Girgis, tsohon malamin makaranta da yake karatu tare da mu, ya gama babi guda, aka kunna. Wani siririn zuu yana bin layin daga farko har ƙarshe. Duk mun ji. Ita tana gyaɗa kai, tana shirin adanawa. Da ta juyo ta ga fuskokinmu, hannunta ya tsaya.

"Akwai wani abu a layin, ko?"

Ta dubi malamin.

"Ustaz Girgis, kai ba ka ƙarya. Akwai?"

Ya sunkuyar da kai. "Akwai, Abla."

Da ƙafarta ta je ofishin Haj. Ya ce ta ci gaba da aikinta, ai ma'auni yana nuna komai, kuma wa zai sani? Ta ce, "Makafin da muke wa karatu ba su da ma'auni, ya Haj. Kunne kawai gare su, kuma da nawa suka dogara."

Ranar Alhamis an kawo farantin basbusa, kek mai zaƙi na Masar, da shayi. Ragab ya zo, furfura ta cika masa kai, ya rera mata baiti biyu ba kiɗa. Muryarsa ta karye a na biyun, bai ƙarasa ba. Ita tana kallon bakinsa, sai da ta ga mun fara tafi sannan ta tafa. Ta bar wa wanda zai gaje ta takarda ɗaya manne a jikin allo, an rubuta yadda muryar kowannenmu take da inda ake rage mata. Ta ɗauki kofinta da jakarta ta sauka.

Mun gode, Abla Ihsan. Mun gode a madadin makafin da suka karanta littattafai ta kunnenki ba su san sunanki ba, da mawaƙan da kika hana su jin kunya, da uwar da kika sauke wa nauyin shekara biyu. Allah ya saka miki, ya sassauta miki ƙarar nan.

Ku kuma da kuke zaune gaban miksa yau, ku yi koyi da ita. Ku saurara kafin ku taɓa, kada ku sa wa mutum abin da bai faɗa ba, kuma ku tausaya wa kunnuwanku tun suna nan.

Tana gidan ƙanwarta a unguwar Bakus yanzu. In kun je ku buga ƙofa da hannu, don ba ta jin ƙararrawa. Ku zauna ta damanta, ku fuskance ta. Za ta ce ku maimaita, wataƙila sau uku. Ku maimaita.