Fatu Goma Daga Bakin Mota

Shekarun baya, lokacin da Challawa ta Kano ke ta cika da sababbin kamfanoni, na yi aikin duba fatu a wani kamfanin jima. A aji huɗu na firamare karatuna ya tsaya, amma na tashi a gidan majema, ina iya gane fata mai kyau ko da shafawa ce. Wannan ya sa kaina ya yi girma. Kullum da safe in hawo kekena daga Panshekara, in an kawo kaya in buɗe ɗaurin da ke bakin mota, in zaro fata goma, in yanke hukunci. Dokar kamfani ita ce, in lalatattu sun wuce ashirin cikin ɗari, a mayar da kaya.

Wata rana da damina wani dattijo ya iso daga Nijar da mota mai bodin katako cike da fatun awaki. Na buɗe ɗaurin farko, wari ya buge ni. Cikin goma, bakwai sun fara ruɓa, gashi na zuba. Nan take na rubuta saba'in cikin ɗari, na sa hannu, na aika ofis.

Dattijon ya ce, "Malam, ku duba na ciki mana. Ruwa ya same mu a hanya, tamfol bai kai baya ba."

Na ce, "Baba, kowa haka yake faɗa."

Ya ce, "Ba nawa ba ne ni kaɗai. Na mutanen ƙauye huɗu ne, amana suka ba ni. In na koma da su cikin wannan ruwan, ko ɗaya ba za ta kai gida da kyau ba."

Na juya masa baya. Ya je gindin katanga ya zauna.

Ina da wani aboki a ɗakin gwaji wanda ya yi karatu mai zurfi, kullum muna tsokanar juna. Da muka fito azahar ya ce, "Sarkin fata, na ga takardarka. Ɗauri nawa ne a motar?"

Na ce za su kai ɗari biyu.

"Ka buɗe nawa?"

Na ce ɗaya. Ya yi dariya ya ce, "Wato wanda ruwa ya fi duka, shi ka tambaya lafiyar sauran."

Na ji haushi, amma na san ya kama ni. Muka roƙi leburori suka sauke kayan. Muka bi kowane ɗauri da alli muka sa masa lamba, muka rubuta lambobin a guntayen takarda, muka zuba a hulata. Abokina ya ce dattijon ne zai zaro, ido a rufe, don kada hannuna ya zaɓi abin da zuciyata ke so. Ɗauri ɗari ƙuri'a ta faɗa wa, muka zaro fata ɗaya daga kowanne. Ni na duba su da hannuna. Sha biyu ne lalatattu.

Na miƙe zan ruga ofis in ce sha biyu. Abokina ya riƙe min riga.

"Ka sake komawa gidan jiya. Da za mu mayar da takardun a sake zarowa, sha biyun za ka kuma samu?"

Na ce wataƙila goma, wataƙila sha huɗu.

"To kada ka je da lamba ɗaya tsirara."

Ya yi lissafi a bayan fom, ya ce in faɗa wa manaja sha biyu muka gani, amma na motar gaba ɗaya yana tsakanin shida da sha takwas cikin ɗari. Ya ce da za a yi irin wannan awon sau ashirin, kusan sau goma sha tara gaskiya za ta faɗo cikin tazarar da aka bayar. Na ce to ya zo ya yi bayani da bakinsa. Ya ce, "Sa hannun waye a takardar safe?"

Ni kaɗai na shiga, na kuwa san manajan ba ya wasa da aiki. Ya saurare ni, ya ɗaga takardata ya ce, "Da safe ka ce saba'in. Yanzu ka zo min da tsakanin kaza da kaza. Wato ba ka sani ba ke nan?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, da safen ne ban sani ba. Kuma ko da sha takwas ɗin ne, bai kai ashirin ba."

Sai ya yaga takardar safen, ya ce a karɓi kaya, amma a ƙirga su ɗaya bayan ɗaya wajen tantancewa, in lalatattu sun haura abin da na faɗa in nemi wani aikin. Kwana uku ana ƙirga. Aka tashi da sha biyar cikin ɗari. Ba sha biyu ba ne, amma yana ciki.

Na nemi gafarar dattijon kafin ya tafi. Ya ce, "Ba komai, ɗana, ai ka dawo ka duba."

Daga ranar har na bar aiki ban ƙara yanke wa mota hukunci daga bakin ƙofa ba, kuma duk wanda ya koyi aiki a hannuna haka na koya masa. Ban taɓa iya lissafin abokina ba, shi yake yi min. Amma shigar da na yi ofishin nan na ƙaryata kaina, ba ni da abin alfahari a aikin da ya fi ta. Abin da ke damuna har yau shi ne motocin da na kora kafin wannan rana. Su ba wanda ya ƙirga, kuma ban san nawa ne cikin masu kayan suka faɗa mini gaskiya ba.