Tattakin Nagode, Ba Ganga Ba Lasifika

A wani suna da aka yi a Bakura na taɓa ɓata hantsi guda ina wasa mutumin da ban sani ba. Ya shigo da babbar riga mai aiki, hula a karkace, yana bin wajen zaman jama'a da kallo kamar mai zaɓen wanda zai yi wa kyauta. Na ce yau Allah ya kawo nawa. Na hau kujera, na ɗaga lasifika, na ba shi kakannin da bai taɓa jin labarinsu ba, na ba shi gonaki a fadama, har Makka na kai shi na dawo da shi. Ya tsaya yana saurare har muryata ta dushe, sannan ya matso ya ce, "Malam, in ka ƙare ka sauko. Kujeruna na zo kwashewa."

Ashe mai hayar kujeru ne. Maza suka yi mini kara ta hanyar kau da kai, amma daga cikin gida wata dariya ta tsallako katanga, ba tausayi a cikinta ko kaɗan. Na gane ta. Nagode ce, taubashiyata, ɗiyar gwaggona.

Ni ne Bube, sanƙira. A biki ko suna ko taron gidauniya, ni nake faɗin wane ya ba da kaza, wance ta ba da kaza. Daga Talata Mafara zuwa Maradun ba wanda bai san muryata ba, har waɗanda ba su so. Amma yau ba labarina zan ba ku ba, na Nagode ne.

A Morai aka haife ta, aure ya kawo ta Mafara gidan Malami, manomin shinkafa a filayen ruwan Bakalori, mutumin da in ya yi maka magana uku a wuni to ranar ya yi surutu. Sana'arta gumi. Tana sayen shanshara, wato shinkafar da ba a cashe ba, ta jiƙa, ta turara a rabin duro, ta shanya a tsakar gida, sannan a kai inji. Hannunta duk tabon wuta ne. In ta damƙi shinkafa ta murza, ta san ko gobe za ta kai inji ko jibi. Bakinta kuwa, ni da nake cin abinci da baki, ina shakkarsa.

'Ya'yanta mata duk sun yi wayo kafin ta samu Haidar, autanta. Kyakkyawan yaro, mai manyan idanu, sai dai idanun ba su tsayawa a kan fuskar kowa. Aka yaye shi bai ce Inna ba. Tsaransa suka shiga makarantar allo, shi yana tsakar gida yana jera marafan kwalba a layi, in ka taɓa ɗaya sai ya sake daga farko. A kan yatsun ƙafa yake tafiya. In ya ji daɗi sai ya riƙa kaɗa hannuwa. In kuwa babur ya yi oda a ƙofar gida, ko inji ya tashi, sai ya toshe kunnuwa ya zube ƙasa yana ihu, kamar ana zuba masa ruwan zafi.

Kun san garinmu. Wannan ta ce iska ce, waccan ta ce an wuce da shi gindin tsamiya da almuru, wata ta ce ai uwar ce ta yi wanka a kanal, magudanar ruwan noman rani, da tsohon ciki. An yi hayaƙi har bangon ɗaki ya yi baƙi. An sha rubutu, an sha saiwoyi. Daga ƙarshe Nagode ta saɓa shi zuwa asibiti a Gusau, inda wata likita ta zaunar da ita ta ce ba aljani ba ne, ba laifin kowa ba ne. Ta ce sunan abin otizim, a rediyo galahanga suke cewa. Ta ce ba a yi masa allura ya tafi, amma yaro yana koyo in aka bi shi ta hanyarsa.

Nagode ta dawo ta bi shi ta hanyarsa. Ta lura yana son layi, sai ta ba shi ɗan manjagara. Yanzu in ka shiga gidan da hantsi za ka ga shanyar shinkafa an ja mata layuka a miƙe kamar da igiya aka gwada, aikin Haidar ne. Ya koyi nuna randa in yana jin ƙishi. Ya koyi cewa "ruwa". Sai dai duk wannan a cikin gida ne. Ya girma bai san kan titin garinsu ba. In baƙi suka yi sallama, ɗaki ake tura shi.

Abin da ya tayar da ita, wata mata ce, Kubura, da ke kawo mata shanshara daga Janbako ta ƙasar Maradun. Wata Talata Kubura ta shigo ba a yi saurin ɓoye yaron ba. Ta tsaya tana kallonsa yana kaɗa hannu, sai ta ajiye buhu ta fashe da kuka. Ta ce tata, Mubina, haka take. Ta ce in za ta rijiya sai ta ɗaure ƙafar yarinyar da ɗankwali a jikin turmi, don ba mai yarda a bar masa ita. Bayan Kubura sai ga wata daga Bakura, sai wata daga Dosara. Masu kawo shinkafa su ne suka riƙa kai labari, suna kawo wani. Ashe gidaje da yawa akwai ɗakin da ake turawa in an yi sallama.

Wata rana ta aiko a kira ni. Na tarar tana juya duro, hayaƙi ya cika mata ido.

"Baiwata," na ce, "an ce kina neman ubangijinki."

"Zauna, Bube, kada ka faɗa wuta in yi asarar itace."

Ta ce tattaki take so a yi. Ta ji a rediyo ana yi a manyan birane. Iyaye su fito da 'ya'yansu, a taka daga ƙofar gidanta a bi babban titi har gadar kanal. Abin da jama'a suka bayar a rufe zauren gidanta da kwano, a samu malama, uwa ta riƙa ajiye ɗanta can da safe ta je neman abincinta, ba ɗaurin turmi. Ta riga ta je wajen mai unguwa, an yarda. Malami ma ya yarda, ko da yake ta ce kwana ya yi yana juyi.

Na ce wannan ai aikina ne. Ranar Talata za a yi, kasuwa na ci. Zan kawo masu kalangu, in ɗaura lasifika biyu a kan mota.

"Ranar Laraba," ta ce. "Kuma ba kalangu, ba mota, ba wanga abin naka."

"Wane abu?"

"Lasifika. Da bakin ma, in da ana cire shi, da na ce ka baro shi gida."

Na yi dariya, na ga ba ta yi ba. Na gyara zama na yi mata bayani a hankali, kamar yadda ake yi wa wanda bai san duniya ba. Mutanenmu suna da kyauta, amma kyautarsu tana son a ji ta. Alhaji ba ya sa hannu a aljihu sai ya ga sanƙira ya cika ƙirji da iska. In na ce wane ya ba da buhu, maƙwabcinsa ba ya barci sai ya ba da buhu da rabi. Haka aka gina masallatai, haka aka haƙa rijiyoyi. Gidauniya ba shela, ai yawon banza ne.

"To a yi yawon banzan," ta ce. "Kai kana tunanin aljihun Alhaji, ni ina tunanin kunnen ɗana. In ya zube a titi yana ihu gaban mutane, mi za su ce? Su ce dama mun faɗa. Kubura ta kwashi ɗiyarta ta koma, ba ta ƙara fitowa. Ni kuma in mayar da shi ɗaki har tsufansa."

"To in ba shela, ni mi zan yi?"

"Ka yi gaba, ka yi shiru. Garin ga duk wanda ya ga bakinka rufe sai ya biyo ya ga mi ya faru."

Matan nesa suka zo kasuwa ranar Talata, suka kwana gidanta, don hanyoyinmu yanzu ba a son yawan kai da komo. Laraba da hantsi muka fito. Ba mu da yawa. Malami na tura amalanke da buhunan wofi a ciki, kansa a sunkuye. Kubura ta riƙe Mubina gam. Wasu 'yan mata sun ɗaga farin ƙyalle da aka rubuta cewa yaran nan ba masu iska ba ne, 'ya'yanmu ne. Nagode na tsakiya cikin shuɗin hijabi, Haidar na gefenta a kan yatsunsa, yana bin bakin kwalta daidai, bai kauce ba. Ni kuma ina gaba, hannu biyu ba komai, ban taɓa jin tsiraici irin na ranar ba.

Maganarta ta tabbata, abin haushi. Mai shayi ya leƙo. "Bube, lafiya? Haƙori ne?" Na nuna masa ƙyalle. Tela ya bar keke ya fito. Wani ya ce ko rasuwa aka yi, wani ya ce ai ba makara. Suka biyo mu suna raɗa, da yake sun ga kowa ya yi shiru, su ma suka rage murya. Amma amalanke wayam. Ana kallonmu, ba a bayarwa. Ina ganin masu hali a ƙofar shagunansu, hannu na kusa da aljihu, ido na kaina, suna jira in buɗe baki. Sunayensu da na kakanninsu suka taru mini a kan harshe, na haɗiye su.

Sai muka iso layin masu inji. Wannan ne abin da duk muka manta. Kasuwa tana hutawa ranar Laraba, injin casa ba ya hutawa. Muna karyo kwana, na Maiwada, wanda ya fi kowane girma, ya tashi da wata irin ƙara. Haidar ya tsaya cak. Ya toshe kunnuwa, ya durƙushe a tsakiyar titi, ya fara ihun nan. Mubina ma ta kama nata. Jama'a suka ja baya. Na ji wata tsohuwa ta fara a'uziyya. Na ga Kubura tana waige-waigen hanyar gudu.

Nagode ba ta ɗauke shi ba, ba ta rufe masa baki ba. Ta tattara hijabinta ta zauna a ƙasa kusa da shi, a kan kwalta, ta juya masa baya yadda zai jingina in ya so. Malami ya saki amalanke, ya zo ya zauna ta ɗaya gefen. Kubura ta dube su, ta zauna. Ni ma, da sabuwar shaddata, na zauna. Mai shayi ya tsuguna. Kafin ka ce me, titi ya cika da mutane a zaune, masu babura sun tsaya sun kashe.

Maiwada ya fito daga rumfa, fari fat da ƙaiƙayi, ya ga gari zaune a ƙofarsa. Ya dubi yaron, ya dubi injinsa. Ya koma ya kashe. Na kusa da shi ya kashe nasa, na gaba ma haka, har ƙarshen layi. Tun da aka kafa injinan nan ban taɓa jin kukan kurciya a wurin ba sai ranar.

Ihun ya koma gunji, gunjin ya koma numfashi. Haidar ya sauke hannu ɗaya, ya saurara, ya sauke ɗayan. Ya jingina da bayan uwarsa na ɗan lokaci. Sannan ya miƙe da kansa, ya nemo bakin kwaltarsa, ya ci gaba. Muka tashi muka bi shi.

Maiwada ne ya fara. Ya kinkimo buhu ya jefa a amalanke, ya raɓo kusa da ni ya ce a kunne, "Ka dai gani ko?" Na gyaɗa kai. Ya ce, "To ko daga baya ne ka faɗa." Daga nan aka ɓalle. Mata na aiko da kwanon gero ta ƙofar gida, mai kayan gini ya sa aka ɗora kwanon rufi, tsohuwar nan mai a'uziyya ta kwance bakin zane ta jefa abin da ke ciki. Da muka kai gada sai da aka nemo amalanke ta biyu.

Haidar ya kama ƙarfen gada ya leƙa. Bai taɓa ganin ruwa mai tafiya ba. Ya yi ta kaɗa hannuwa, mutane suna kallo, ba wanda ya ja baya. Malami ya juya fuska yana gyara hular da ba ta karkace ba.

An rufe zauren da kwano. Wata malama, Farida, tana zuwa da safe, an ce za a tura ta ƙarin koyo. Yaran ba su cika zuwa duka ba, na nesa sai ranar kasuwa, kuma har yanzu akwai gidajen da ba su fito da nasu ba. Amma Haidar yakan bi ubansa gada da yamma, in sun biyo layin inji Maiwada yana hango su yake rage wuta.

Kwanan baya na leƙa gidan. Na tarar da ita a bakin duro, shi kuma yana jan layukansa a kan shanya. Na tsaya ina kallonsa, zuciyata ta yi taushi, na ga ya kamata in faɗi wani abu mai daɗi.

"Baiwata, kin yi ƙoƙari. Yanzu saura abu guda. Allah ya buɗe bakinsa ya riƙa magana kamar kowa."

Ba ta ko ɗago ba.

"Amin. Amma ba kamar kowa ba, Bube. Shi kalma guda gare shi, in ya faɗe ta ana ba shi ruwa. Kai da kake zuba tun ana goyonka, wa ya taɓa jin wadda aka yi amfani da ita? Matsa, kana taka mishi layi."