Ranar da Na Hana Ɗana Durƙusa wa Kawunsa

Waɗanda ke tsakar gidanmu na unguwar Zariya a ranar su ne ni, da ɗana na fari, da matarsa, da abokinsa mai noman rani a Jiratawa, sai yayana da ya taso daga Tsibiri dubiya.

Ɗan nawa bai daɗe da dawowa daga asibitin ƙasar waje ba. Ciwon baya ya daɗe yana cin sa, har likitoci suka sa masa wayoyi sirara kamar zare kusa da lakar gadon baya, da ɗan batir ƙarƙashin fata mai kwantar da zafin. Sun ɗinke wayoyin da nama, amma sun ce kafin jiki ya riƙe su sosai, ban da sunkuyo, ban da murɗa ƙugu. In suka goce, sai an sake yanka shi. Tun daga nan idona bai bar bayansa ba. Salla ma a kujera yake yi.

Da yayana ya yi sallama, sai na ga yaron ya tuɓe takalmi, ya fara karya gwiwa zai durƙusa, yadda na hore shi tun yana ƙarami.

Na daka masa tsawa: "Kai! Miƙe!"

Ya tsaya ƙiƙam kamar soja. Yaya ya dube shi sama da ƙasa.

"To, an hau jirgi, an manta kawu."

"Kawu, wallahi Inna ce..."

Na ce, "Ni ce. Yaya, kawo hannunka."

Na ɗora yatsunsa a hankali kan ƙullutun batirin. Ya janye da sauri.

"Rediyo suka sa masa?"

Mutumin Jiratawa ya ce, "Baba, har labarai yake kamawa."

Matar ɗana ta shige madafa tana ƙyalƙyala dariya. Yaya ma ya dara, ya sha fura. Amma da zai tafi bai sa wa yaron albarka ba yadda ya saba, kuma yaron ya lura. Na san halin ɗana: zai lallaɓa Tsibiri a bayan idona ya zube ƙasa.

Washegari na hau kabu-kabu zuwa Tsibiri. Na tarar da Yaya a ƙofar gida cikin mutane, na durƙusa da gwiwoyin nan nawa masu ƙara, na ce, "Ga gaisuwar ɗanka, ni na ɗauko masa." Ya yi ta sa albarka yana dariya. Sai da mutum biyu suka kama ni na tashi.